Tsoron da Ake Saya da Kuɗin Barka da Sallah

Washegarin Sallah, tun hantsi bai gama ɗagawa ba, motocin haya suke fara kwasar yara daga ƙauyukan Dambatta da Makoɗa da Minjibir da Bichi zuwa birni. Kowa ya sha sabon ɗinki, 'yan mata sun yi ƙunshi, kuɗin barka da Sallah kuwa an ƙulle shi tamau a bakin mayafi. Da yawansu Gidan Zoo suka nufa, wanda aka buɗe tun zamanin Gwamna Audu Baƙo a farkon shekarun 1970, wasu kuma sauran wuraren wasan yara na cikin Kano. Waɗanda ba su haɗa kuɗin mota ba, wani lokaci lilon ne yake biyo su har garinsu: irin wanda mai walda ya harhaɗa da bututun ƙarfe, a kafa shi a fili ko bakin kasuwa, ƙarti biyu su riƙa juya shi da ƙarfin damtse.

A layin shiga ba a wahalar gane yarinyar da ba ta taɓa hawa ba. Ita ce mai yawan surutu. Tana zama a kujera sai surutun ya ɗauke, ta damƙe ƙarfen da ke gabanta da hannu biyu. Hawan farko da daɗi: ƙasa tana ja da baya, ga kwanon rufin gidaje, ga kan bishiya a ƙasa da ƙafarta, ga mai rake ya koma ɗan mitsitsi. Sai kujerar ta kai ƙololuwa, ta ɗan yi jim, ta sulmiyo. A nan ne hanjinta zai taso mata wuya, ɗankwali ya zame, ta runtse ido ta kurma ihu: “Wayyo Inna! Innalillahi! Malam don Allah a sauke ni!” Ƙawarta da ta saba tana gefe tana ƙyalƙyala dariya. Da an tsayar da lilo za ta sauko ƙafa na rawa, ta dafa kafaɗar yayanta, ta rantse ita da lilo har abada. Kafin ta shanye ruwan leda ɗaya ta kwance bakin mayafi tana ƙirga canji.

Da daddare, idan labari ya kai kunnen kakanta, abin da zai ce bai wuce wannan ba: “Yanzu ke da kuɗinki kika je kika sayo tsoro?” Wasan jika da kaka ne, amma tambayar tana da nauyi, musamman daga bakin mutumin wannan yanki.

Karkarar arewacin Kano ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, cike da mutane. Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero, ya shafe shekaru tun daga 1960 da 'yan kai yana nazarin yadda jama'a masu yawa haka suke ci daga gonakin da ba a barinsu su huta. Gona tana manne da gona, taki ne yake riƙe da ƙasar, ɗorawa da tsamiya da kuka da gawo kowace da mai ita. A irin wannan wuri tsoro kyauta ake samunsa. Manomi ya san faɗuwar gaban da ke zuwa idan aka yi shuka ruwa ya ɗauke kwana goma sha. Mai haƙar rijiya ya san ta idan ya ji gefen rami yana zubo masa ƙasa a ka. Yaron da ake turawa saman kuka ya ciro ganye ya san ta, uwar da ɗanta ya tafi wanka kududdufi da damina ma ta san ta. Wanda ya girma a cikin wannan, dole ya yi mamakin mai kai kuɗi a razana shi.

Sai dai kakan da kansa ba baƙon abin ba ne. Yana saurayi ya tsaya a dandali ya kalli mahauta suna hawan ƙaho, ya ga Fulani suna shaɗi, ya ga sukuwar Sallah inda mahayi yake sako doki a guje sai ya zo daf da jama'a ya ja linzami. Yana yaro kuma ya ɗaura igiya a reshen tsamiya ya yi lilo, ya yi hajijiya har ya faɗi ƙasa tana juya masa. Bambancin kawai shi ne a da ba a yankar tikiti.

Masana jikin ɗan Adam sun san abin da ke faruwa a kan lilo dalla-dalla. Can cikin kowane kunne akwai 'yan bututu uku lanƙwasassu masu ruwa a ciki, su ne ke gaya wa ƙwaƙwalwa yadda kai yake juyawa. Idan mutum ya yi ta juyawa sannan ya tsaya cak, ruwan ba ya tsayawa tare da shi. Ido ya ce an tsaya, kunne ya ce ana tafiya, rigimar da ke tsakaninsu ita ce jiri. Lokacin sulmiyowa kuwa, jiki da kujera tare suke faɗowa, sai nauyin da kayan ciki suka saba ji ya ragu na ɗan lokaci, shi ne mutum yake jin kamar cikinsa ya bar shi. Nan take wasu ƙananan halittu da ke saman ƙoda su saki sinadarin da ke sa zuciya bugu da sauri, numfashi ya ƙaru, tafin hannu ya jiƙe. Jiki bai san wasa ake yi ba. Shirin gudun ceton rai yake yi tsakaninsa da Allah.

Amma hankali ya sani. Tun 1757 Edmund Burke, wani marubuci ɗan Ailan, ya lura cewa abin firgici idan ya matso kusa azaba ne zalla, idan kuwa akwai tazara tsakaninsa da mutum yakan koma abin sha'awa. Paul Rozin, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya bi ta wata hanyar da Bahaushe zai fi saurin ganewa: ya yi nazarin masu cin barkono a Meziko. Harshe yana kai ƙara cewa ana ƙonewa, hawaye na zuba, hanci na yoyo, amma mai ci ya san babu wuta a bakinsa, sai ya ƙara dangwalo yaji. Daɗin yana cikin wannan saɓani. Tsoron fari ko na rijiya ba shi da lokacin tashi, ba kuma mutum ne ya gayyato shi ba. Na lilo an san farkonsa, an san ƙarshensa, kuma da ƙafarka ka je. Yarinyar ba tsoro kaɗai ta saya ba, ta sayi saukowa lafiya daga gare shi, abin da rayuwar yau da kullum ba ta yi wa kowa alkawari.

To, ina matsayin addini?

Batun wasa kansa ba ya buƙatar dogon zance. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa ranar wata Idi Habashawa sun yi wasan masu a masallacin Madina, Nana A'isha tana kallo ta bayan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har sai da ita da kanta ta gaji. A cikin littattafan biyu kuma ta ba da labarin tana kan lilo tare da ƙawayenta lokacin da mahaifiyarta Ummu Rumana ta kira ta. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda duk almajirin zaure a ƙasar Kano ya san ta, ta hana wasu wasanni irin na ɗara da ƙwaya, amma ta halatta tseren dawaki da raƙuma da harbin kibau, alhali kowa ya san ana faɗowa daga kan doki.

Wani abin da ba kowa ya sani ba shi ne, lilon Sallah ya girmi babban lilon wuraren wasan zamani nesa ba kusa ba. An fi danganta babban lilo mai siffar ƙafar keke da George Ferris, injiniyan da ya gina wani ƙato mai tsayin kusan mita 80 a bikin baje kolin Shikago a 1893, da ɗakuna 36, kowane yana ɗaukar mutum 60. Amma tun a 1620 wani matafiyi ɗan Ingila, Peter Mundy, ya ratsa garin Filibe na daular Usmaniyya, wanda yau yake cikin Bulgeriya, ya bayyana nau'o'in lilon da Turkawa ke kafawa a bikin Sallarsu, ciki har da mai juyawa a tsaye da kujerun yara rataye a jikinsa. Mai cewa lilo baƙon abu ne da aka shigo wa Musulmi da shi, tarihi bai goyi bayansa ba.

Inda maganar ta fi daɗin tattaunawa shi ne salatin nan da ake yi a sama. Alƙur'ani ya yi zancen mutanen da ke cikin jirgin ruwa a wurare da dama, a Suratu Yunus da Ankabut da Luƙman: idan igiyar ruwa ta taso musu sai su kira Allah Shi kaɗai da zuciya ɗaya, idan Ya fitar da su tudu sai su koma gidan jiya. Wani mai wa'azi zai iya kallon layin yaran nan ya ce ga tafsirin ayar a fili: a sama salati, a ƙasa shewa. Har yakan ƙara da cewa wasa da sunan Allah ne mutum ya jefa kansa cikin firgici da gangan sannan ya riƙa kiran Ubangiji.

Wannan fassara ta yi tsauri, kuma ba ta zauna daidai ba. Abin da ayoyin suka zarga shi ne shirka da butulci da zalunci bayan tsira. Ba su zargi dariya ba. Yarinyar da ta sauko tana dariya ba ta kafirce wa ni'ima ba; dariyar ma kusan godiya ce da ba ta sami kalmomi ba. Kuma ba ta zaɓi abin da za ta faɗa a sama ba. A daidai lokacin da kujera ta sulmiyo babu sararin tsara magana, abin da harshe ya saba da shi ne yake fitowa da kansa. Wani ashar ne yake kuɓuce masa. Ita sunan Allah ne da na uwarta suka zo tare. Iyayen da suka ji haka ba su da abin jin kunya.

Akwai kuma masu wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren, masu son su yi wa lilo rawani. Su ce ai yana tuna wa mutum mutuwa, yana tuna masa Siraɗi, don haka hawansa wa'azi ne. Wannan ma ƙari ne. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware babi guda a Ihya'u kan tsoro da fata, kuma ma'auninsa a bayyane yake: tsoron Allah mai amfani shi ne wanda ya canza aikin mutum, ya hana shi saɓo, ya tura shi ga ɗa'a. Wanda ke zuwa ya girgiza zuciya na ɗan lokaci ya wuce, mutum ya koma yadda yake, Gazali ya ɗauke shi mai ƙarancin amfani. Da wannan ma'auni firgicin lilo bai ko shiga layi ba. Babu wanda ya sauko daga lilo ya je ya biya bashin da ya daɗe yana taurin kai a kansa. Wasa ne, kuma ya isa a bar shi a wasansa. Sahabi Hanzala ya taɓa zuwa wurin Annabi cikin damuwa, yana ganin kansa munafuki saboda idan ya bar majalisin wa'azi ya koma gida sai wasa da iyali ya shagaltar da shi. Amsar da ya samu, kamar yadda Muslim ya ruwaito, ita ce kowane abu da lokacinsa.

Wurin da shari'a take ɗaure fuska daban ne, kuma ba nan mutane suka fi kallo ba.

Abu Dawuda ya ruwaito cewa a wata tafiya wani sahabi ya yi barci, wani ya ɗauke masa kayansa da wasa, ya farka a razane, sai Annabi ya hana Musulmi ya tsorata ɗan'uwansa. Da wasa aka yi, babu wanda ya ji ciwo, duk da haka aka hana. Ke nan abin da ya raba tsoron da ya halatta da wanda bai halatta ba shi ne yardar mai jin tsoron. A nan ne ake tafka kuskure a filin lilo ba tare da kowa ya ɗauke shi laifi ba. Yaya ya ɗauki ƙaninsa ɗan shekara huɗu yana kuka yana tirjewa, ya dasa shi a kujera wai don ya zama namiji. Masu juya lilo su ji 'yan mata suna ihun a sauke su, sai su ƙara wuta, 'yan kallo na tafi. Gaskiya ne wani ihun na daɗi ne, amma mai sana'ar da ya kwana biyu yana yi ya san bambancin ihun shewa da na yaron da numfashinsa ya sarƙe. Ƙaramin yaro ba shi da wannan hankalin da ke gaya masa wasa ake yi. A wurinsa faɗowar ta gaske ce.

Sai batun ƙarfen kansa. Aya ta 195 a Suratul Baƙara ta hana mutum jefa kansa cikin halaka, kuma malaman fiƙihu ba su fahimce ta da cewa a guji duk abin da ke da haɗari ba, don da haka ne da ba mai shiga mota a hanyar Kano zuwa Daura. Ma'auninsu shi ne abin da ya fi rinjaye. Muhtasar na Shaihu Halil ya ɗauki tafiyar Hajji ta teku daidai da ta tudu, sai fa idan halaka ce ta fi rinjaye. Malaman Shafi'iyya na baya sun halatta wasanni masu haɗari irin tafiya a kan igiya ga gwanin da galibi yakan tsira. Tambayar ke nan ba ta ko lilo yana da ban tsoro ba ce. Ita ce: wannan lilon, na wannan fili, yau, galibin zato lafiya za a sauko?

Amsar ba a littafi take ba, tana jikin walda da noti. Ƙungiyar masu wuraren wasa ta duniya takan ce a wuraren dindindin na Amurka mummunan rauni bai fi sau ɗaya a hawa sama da miliyan 15 ba. Lissafin masu sana'ar ne da kansu, kuma na inda ake duba injin a kai a kai ne. Bai shafi lilon da ya kwana shekara a bayan shago ruwa na dukansa ba. Ko inda ake da kuɗi ma ƙarfe yakan ci amana: a ƙarshen Yulin 2025 wani babban lilo ya karye a tsakiya a wani wurin shaƙatawa kusa da Ɗa'ifa a Saudiyya, mutum fiye da 20 suka ji rauni.

Mutanen arewacin Kano ba sa buƙatar misali daga nesa. Ranar 30 ga Nuwamban 2021 kwalekwale ya kife a madatsar ruwan Watari, ya taso daga Badau zuwa Bagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, galibinsu ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Mauludi. Allah Ya jiƙansu. Ba wasa za su ba, hidimar addini ce ta fitar da su, kuma abin da hukumomi suka ɗora wa alhaki shi ne lodin da ya wuce kima. Kyawun niyyar fasinja ba ya ƙara wa jirgi ƙarfi. Ƙaddara gaskiya ce, amma hadisin da Tirmizi ya ruwaito kan mai raƙumi ya sa ɗauri a gaba, dogaro ga Allah ya biyo tare da shi, kuma Risala ta ɗora wa mahayi da mai jan dabba da mai kora ta lamunin abin da ta taka. Idan mai jaki yana da alhakin abin da jakinsa ya tattake, mai lilon da ya cusa yara shida a kujerar mutum uku ba zai fake da “haka Allah Ya so” ba.

A kwanakin Sallah dakarun Hisbah sukan zagaya wuraren shaƙatawa na Kano suna sa ido kan cakuɗuwar maza da mata da shigar da ba ta dace ba, malamai kuma suna jan kunne kan barin salla ta wuce da almubazzaranci. Duk suna kan hanya. Amma aikin hisba a tarihinsa ya fi haka faɗi. Ibn Abdun, wanda ya rubuta littafin hisba a birnin Ishbiliya na Andalus wajen farkon ƙarni na 12, ya sa a cikin ayyukan hukuma a hana masu fito cika wa jiragensu kaya, musamman ranar da ake iska. A wurinsa lodi ma munkari ne. Masu duba mayafi suna da yawa a filin lilo. Mai durƙusawa ya duba ƙusar da ke riƙe da kujera shi ne ake nema.

Wannan kuwa ba aiki ne da sai an jira injiniya daga Abuja ba. Kowane gari a Dambatta ko Kunci ko Tsanyawa yana da mai walda da bakanike da jama'a suka yarda da su, yana da mai unguwa da dagaci da limami. Tun ana sauran kwanaki Sallah za a iya cewa ba a kafa lilo sai waɗannan sun gani sun gwada shi da buhunan ƙasa, an faɗi yawan yaran da kowace kujera za ta ɗauka, an kuma ja igiya don kada ƙanana su shiga ƙarƙashinsa yana juyawa. Uba ko yayan da ya rako yara shi ma ya zagaya ya duba da idonsa kafin ya miƙa kuɗi: tsatsa, walda mai tsaga, kujerar da aka ɗaure da waya. In ya ga ɗaya daga cikinsu ya ja yaransa su tafi, ko da za su yi ta kuka har gida. In kuwa ƙarfe lafiya lau ne, yaro kuma da bakinsa ya ce zai hau, a biya masa ya hau, a kuma gaya wa mai lilo tun kafin ya fara juyawa cewa duk yaron da ya nemi a sauke shi da gaske, a tsaya a sauke shi.